An ce ni zan riƙe sashen sayen kaya, shinkafa ta riga takarda isa gidanmu

Maman Biyu: Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Shawara nake nema, ku yi haƙuri zan ɗan ja zance. Shekarata 14 ina aiki a wata hukumar gwamnatin tarayya. A sito na fara, ina ƙirga katan ina cike katin kaya, daga baya aka mai da ni sashen sayen kaya da ba da kwangila, na shekara shida ina mataimakiya. Oganmu zai yi ritaya ƙarshen wata, ranar Talata aka kira ni aka ce ni zan riƙe. Takardar ma ba ta fito ba. Jiya na je gai da Hajiyarmu, sai na tarar da buhun shinkafa biyu da jarkar mai a tsakar gida, wai wani bawan Allah ne ya aiko a taya 'yarta murna. Hajiya sai shi masa albarka take yi. Ni kuwa na san mutumin, fayil ɗinsa yana kan teburina. Ban runtsa ba daren jiya. Maigidana ya ce in nemi a bar ni a mataimakiya, ƙarin albashin bai taka kara ya karya ba balle a sayi tashin hankali da shi. In karɓa ko in haƙura?

Baban Yara: Wa alaikumus salam. Maganar maigidanki ita ce magana. Kujerar nan ko maza tana hana su barci. Mace da 'ya'ya, ga zaman kwamiti har bayan isha'i, ga 'yan siyasa, ga masu sallama har gida. Ki tsaya inda Allah ya rufa miki asiri.

Sabuwar Digiri: Haba Baba. Shekara shida tana kwana kan takardun da oga zai sa wa hannu, ba wanda ya ce ta koma gida. Sai da aka zo ba da kujera za a tuna mace ce?

Baban Yara: 'Yata, mai sa hannu shi ake kamawa. Bari ki fara aiki tukuna.

Tsohon Odita: Kafin a kai ga karɓa ko ƙi, ƙanwata, shinkafar nan ta bar gidan Hajiya. Ƙa'idar ɗa'ar ma'aikata da ke jadawali na biyar na tsarin mulkin 1999 ta ce kyautar da ma'aikaci ya karɓa daga kamfani ko daga mai kwangila da gwamnati, ana ɗauka ta saɓa doka, sai in shi ne ya tabbatar da akasin haka. Abin da aka yarje shi ne kyautar dangi da abokai irin wadda al'ada ta sani. Wanda fayil ɗinsa ke teburinki ba ya cikinsu. "Uwata aka ba, ba ni ba" kuwa, na sha jin ta a gaban masu bincike, ban ga wanda ta fitar ba. Sannan dokar sayen kayan gwamnati ta 2007, wadda marigayi 'Yar'aduwa ya sa wa hannu, ta tanadi ɗaurin da bai gaza shekara 5 ba, babu zaɓin tara, haɗe da kora, ga jami'in da ya karya ta. Ita dokar ta ce a adana takardun kowace kwangila shekara 10. Wato abin da kika sa wa hannu bana yana iya sallama miki kina zaune da jikoki.

Baban Yara: To kun ji. Na gode Malam Odita, ka taya ni.

Tsohon Odita: Ban taya ka ba Alhaji. Mataimakiya ma tana sa hannu a takardar tantance tayi, tana cikin ruwan tun tuni. Bambancin kawai yanzu ita za ta riƙe igiyar.

Hajiya Mai Ritaya: Maman Biyu, 'yata, matso kusa. Na riƙe irin kujerar nan shekara 11 kafin in ajiye aiki, kuma ni ma daga sito na taso, a wata masaƙa a Kaduna lokacin masaƙu na da rai. Auduga muke saye daga wajajen Funtuwa da Gusau, sai rini da kayan gyaran inji daga waje. Da masaƙar ta durƙushe na koma wata ƙungiya mai raba magunguna, a can aka ba ni shugabancin sashe.

Abin da ba a gaya min ba, na kuma ga ba a gaya miki ba, shi ne hanyar da ake bi a kai ga mace daban take. Namiji ana samunsa a majalisa, a kulob, a ɗakin otal. Ke ba za su ga fuskar kawo miki ambulan ofis ba, sai a zagaya. A bi ta uwarki, a tare mijinki a ƙofar masallaci bayan asuba, a samo ƙawarki ta makarantar kwana da kuka shekara ashirin ba ku gaisa ba. Ranar bikin 'yata ta fari na ga abin mamaki. Gudummawa ta riƙa shigowa daga mutanen da ko katin gayyata ban ba su ba, har da firji. Na sa ƙanwata ta zauna da littafi tana rubuta sunan kowa da abin da ya kawo. Washegarin kai amarya na ɗauki hayar a-kori-kura, duk wanda ke da hulɗa da ofishinmu aka mayar masa da kayansa har ƙofar shago. Ƙanwar maigidana ta shekara biyu ba ta yi min magana ba, don ɗaya daga cikinsu ta hannunta ya biyo. A ofis kuma suna ya canza, na koma mai hana ruwa gudu. Ba zan ɓoye miki ba, abin ya yi min ciwo, akwai daren da na yi kuka.

Amma bikin nan shi ya saya min sauƙin shekara goman da suka biyo baya. Labari ya zaga, aka daina wahalar da kai. Tun ran gini tun ran zane.

Na biyu, matsin da ya fi na 'yan kwangila shi ne na sama. Babba zai kira ki ya ce wance, kamfanin wane a duba shi. Kada ki yi musu, kada ki ɗaga murya, mace in ta ɗaga murya a ofis sai a bar maganar a koma kan muryar. Ki rusuna ki ce, "To ranka ya daɗe, a ɗan rubuta min a kan fayil in san yadda zan bi." Da yawa daga umarnin da aka ba ni a nan suka mutu. Wanda kuma ya rubuta, to ya ɗauki kayansa. Duk abin da aka faɗa miki a waya, ki bi shi da 'yar takarda kafin a tashi aiki: kamar yadda muka yi magana ɗazu, kaza da kaza. Ki ajiye kwafi.

Na uku kuma laifina ne, shi ya sa nake faɗa. Akwai ranar da mota ta iso da magariba, yaro ba lafiya a gida, na sa hannu na karɓi katan 200 ban sa an buɗe ba. Da aka zo rabo, na cikin tsakiya duk saura wata biyu su lalace. Ba cin hanci, ba komai, gaggawa ce kawai, amma wata uku ina amsa tambaya. Daga ranar ko ana kiran sallah sai an sauke an ƙirga, ko kuma motar ta kwana.

Ki karɓi kujerar. Amma ki zaunar da maigidanki ku yi magana ta gaskiya, don shi za a fi bi.

Sabuwar Digiri: Allah ya saka da alheri Hajiya. Wannan ai ya nuna mata sun fi riƙon amana, shi ya sa ya kamata a bar mana irin waɗannan kujerun.

Hajiya Mai Ritaya: A'a 'yata, kada ki ɗora mana wannan rawanin. Na yi aiki da macen da ta fi kowane namiji iya yanka kwangila gida-gida don kada kuɗin ya kai matakin da sai an tallata. Na kuma yi aiki da dattijon da ko biron ofis ba ya kai wa gida. In aka ce mace ba ta ci, ranar da aka kama guda ɗaya sai a rufe ƙofa ga sauran duka.

Ɗan Kwangila: Ku bari mu ma mu yi magana, tunda mu ake ta yanka ba wuƙa. Ban san wanda ya kai shinkafar ba, kuma ban ce ya kyauta ba. Amma Hajiya Maman Biyu, ranki ya daɗe, sau da yawa ba don a ba mu aiki muke kai gaisuwa ba, don a biya mu wanda muka gama ne. Ka tara takardu: rajistar kamfani, shaidar biyan haraji ta shekara uku, ta fansho, ta asusun horar da ma'aikata ITF, ta asusun inshorar ma'aikata NSITF, kowace da kuɗinta. Ka ci bashi ka kawo kaya. Sai fayil ya kwanta a tebur wata bakwai, wata tara. Dokar sayen kayan da Malam Odita ya karanto ta ce kuɗin da ya wuce kwana 60 ba a biya ba jinkiri ne, har ruwa ya hau kansa. Wa ya taɓa karɓa? In ka tambaya ma an sa maka ido ke nan. A 2023 na ba da farashi dala tana wajen naira 460 a hukumance, aka saki naira a watan Yuni, a farkon 2024 ta haura 1,500. Kayan daga waje ake shigo da su. Na sayar da fili na cika alkawari, har yau ban farfaɗo ba. In kina so a daina sallama gidan Hajiya, ki sa fayil ya riƙa tafiya da ƙafarsa.

Tsohon Odita: Wannan gaskiya ce mai ɗaci. Ko da yake biyan kuɗi yana hannun sashen kuɗi ne da sakin kasafi, ba hannunta kaɗai ba.

Ɗan Kwangila: Takardar shaidar an karɓi kaya a hannun wa take kwana? Daga nan ake fara jan ƙafa.

Hajiya Mai Ritaya: Ya gaya miki gaskiya. Ni allo na sa aka kafa a bakin ofis, kowane fayil da ranar shigarsa da teburin da yake. Wanda ya zo bibiya sai ya karanta da idonsa. Masinjoji ba su so ba, don cinikinsu ne ya mutu.

Malamin Islamiyya: Bismillah. Game da kyautar, nassi a sarari yake. Annabi (SAW) ya aiki wani mutum, Ibnul Lutbiyya, karɓar zakka. Da ya dawo ya ce wannan naku ne, wannan kuma kyauta aka ba ni. Annabi ya hau mumbari ya ce me ya hana shi zama a gidan ubansa da uwarsa ya gani ko za a kawo masa kyautar? Bukhari da Muslim duk sun ruwaito. Sai Malama ta tambayi kanta: bara da take mataimakiya, mutumin ya san hanyar gidan Hajiya? Amma batun wai mace ba ta shiga harkar saye da fatauci, Alhaji Baban Yara, Nana Khadija dukiyarta ce ke tafiya Sham, ita ke zaɓen wanda za ta damƙa wa. Sharaɗi dai a kiyaye keɓewa da namiji, kuma maigida ya yarda.

Baban Yara: Malam ni ban haramta ba. Tausayi ne. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski, ita kuma ba ita ta ci ba za a ce ta yi askin.

Tsohon Odita: Alhaji, tsarin nan da muke magana a kai ma mace ce ta raine shi. Kafin a kafa BPP, hukumar kula da sayen kayan gwamnati, akwai wani ɗan ofishi a fadar shugaban ƙasa zamanin Obasanjo mai bin diddigin farashin kwangila, Oby Ezekwesili ta shugabance shi, har aka laƙaba mata Madam Due Process. Manyan 'yan kwangila da ministoci ta riƙa mayar wa da takardu. Daga nan ta yi minista, ta tafi Bankin Duniya a 2007. Abin da ke cikin dokar ba sihiri ba ne: a tallata aiki a jarida, a buɗe tayi a bainar masu nema da zarar wa'adi ya cika, a gayyato 'yan sa ido biyu daga waje, a ba wanda ya cika sharuɗɗa kuma farashinsa ya fi sauƙi. Ku lura, wanda ya cika sharuɗɗa. Sabbin shiga a nan suke faɗawa, su ɗauki mafi araha ido rufe.

Mai Tirela: Araha ba ta ado. Ni direba ne, yanzu ina da motoci uku, Legas zuwa Kano muke yi. Anti, shawarata ɗaya: ki san hanya. Wanda bai taɓa ganin layin shiga tashar jiragen ruwa ta Apapa ba shi ne zai rubuta a kawo kaya cikin kwana biyar, ya sa tara in an makara. Na taɓa yin sati biyu a layi ban shiga tasha ba, kafin a kawo tsarin kiran mota ta waya a 2021, lokacin Hadiza Bala Usman na shugabar hukumar tashoshin jiragen ruwa. Ita ma ai mace ce, 'yar Arewa, tun 2016 aka ba ta. In ka fito kuma kilomita 1,000 da ɗoriya ne a gabanka: Ibadan, Ilori, Jebba, Mokwa. A 2017 gadar Tatabu ta karye, motoci suka yi cirko-cirko. Ga shingaye, kowane da hannu a miƙe. Kuma a daina ce mana cire tallafin fetur ne ya sa muka ƙara kuɗi, tirela gas take sha, shi kuwa tun 2022 ya tashi. Manajar da na fi jin daɗin aiki da ita mace ce a wani kamfanin abinci. Takanas ta zo garejinmu, ta zauna a benci ta sa aka lissafa mata kuɗin tafiya ɗaya tun daga mai har na yaran mota. Daga ranar ba mai iya yi mata ƙarya, mu ma ba ta matse mu a inda ba dama.

'Yar Maraɗi: Sannunku da hira. Ni a wata ƙungiyar agaji nike aikin jigilar kaya. Abin da Mai Tirela ya faɗi haka yake. A da mu kayanmu ta tashar Kwatano ta Benin suke zuwa, su hau Malanbil su tsallako Gaya. Da aka yi juyin mulki a Nijar ranar 26 ga Yuli 2023 aka rufe iyakoki, kwantenoni suka maƙale a tasha, kuɗin jinkiri na hawa kullum. Dole aka koma ta tashar Lome ta Togo, a ratso Burkina cikin ayari da rakiyar soja. Shugabarmu, wata dattijuwa, tun kafin haka take hana mu dogara da mai kawo kaya guda. Muna gunaguni don rubutu ya yi yawa. Da abin ya faru, ɗan kasuwa na biyu da ke da kaya a ƙasa cikin Maraɗi shi ya riƙe mu makonni. Yaya Maman Biyu, kowane kaya mai muhimmanci ki san mutum biyu ko uku da za su iya kawo shi, kuma kada dukkansu su zama hanya ɗaya suke bi.

Sabuwar Digiri: To ni da nake son shiga wannan layin fa, ta ina zan fara? Lissafin kuɗi na karanta.

Hajiya Mai Ritaya: Ta sito. Na san ba abin da kike son ji ba ke nan, ƙura ce da zafi da 'yan dako. Amma wadda ba ta taɓa gwama takardar oda da takardar rakiyar kaya da abin da aka sauke a ƙasa ba, za a sayar mata da iska tana murmushi. Shekara biyu ta isa. Kina yi kina jarrabawar ƙwararru, akwai ta cibiyar ƙwararrun sayen kaya CIPSMN a nan gida, akwai ta takwararta CIPS ta Ingila in aljihu zai ɗauka, don da fam ake biya. Ki kuma iya Excel sosai, ba na ado ba.

Sabuwar Digiri: Na gode Hajiya. Ni dai da za a yi mana irin na Kenya. Tun 2013 suka ware kashi 30 na sayayyar gwamnati ga kamfanonin mata da matasa da masu buƙata ta musamman.

Ɗan Kwangila: Ranar da aka yi haka a nan, da hantsi zan yi wa uwargida rajistar kamfani, da la'asar in yi wa amarya.

Sabuwar Digiri: Ka ga irinta ko! To a binciki wanda ke sa hannu a asusun banki mana.

Mai Kula da Zaure: Jama'a a dawo kan maganar Maman Biyu. Na kason mata a buɗe masa zaure daban.

Maman Biyu: Na karanta duka, Allah ya saka wa kowa. Na nuna wa maigidana saƙon Hajiya Mai Ritaya, ya yi shiru, can ya ce ashe shi ya sa wani mutum ya bi shi har mota bayan Juma'a yana tambayar lafiyar iyali. Ya ce in karɓa, shi zai ji da na ƙofar masallaci. Sai dai an samu matsala. Na koma gidan Hajiya ɗazu da niyyar kwashe kayan, na tarar an farke buhu ɗaya, ta auna wa maƙwabta kwano-kwano, har an ɗora tukunya. Da na ce mayarwa za a yi, ta ce ita ba a taɓa mai da hannun kyauta baya a gidanta ba, so nake a ce ta haifi mai wulaƙanta mutane.

Tsohon Odita: Ki je kasuwar Singa gobe ki sayi irin buhun sak, ki karɓi rasit. A haɗa da ɗayan da jarkar a kai masa shago, ba da hannunki ba, kuma da shaida. Litinin ki rubuta wa oganki takarda ki faɗi abin da ya faru, ki nemi a ba wani ya duba fayil ɗin mutumin.

Hajiya Mai Ritaya: Ita kuma Hajiya kada ki yi mata maganar doka, ba za ta shiga ba. Akwai wani babba da take jin nauyinsa?

Maman Biyu: Kawu, yayanta. Tsohon ma'aikacin reluwe ne.

Hajiya Mai Ritaya: To shi za ki fara gani, ya zo da kansa ya faɗa mata, da hadisin da Malam ya kawo. In ta sauko, ki saya mata buhu guda da kuɗinki ki ce na murnar ne. Ki kuma ja kunnen yaran gidan, duk wanda ya yi sallama da kaya a ce Hajiya ta ce a jira Kawu.

Maman Biyu: To Hajiya. Buhu biyu ke nan zan saya, tun ban ga ƙarin albashin ba. Bari in kira Kawu kafin ya shiga masallaci.